Tambayi Mai Zane: Daga Fensir Zuwa Allon Kwamfuta

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙun wannan karon kusan duk bakinsu ɗaya: masu zane da fensir da bik da fenti suna son shiga zanen kwamfuta, amma ba su san ta inda za su kama ba. Na taƙaita tambayoyin saboda ƙarancin fili.

Tambaya: Yaya, ni ɗaliba ce a jami'ar Zinder, ina zaune a Garin Malam. Tun ina koleji nake zane da fensir, kuma ina yi wa amare lalle, da shi na tara jaka 40, wato sefa dubu 40. Yayana ya bar mini tsohuwar kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka. Wani mai shago ya ce mini allon zanen da ba shi da gilashi wasan yara ne, in jira in tara kuɗin mai gilashi. In jira ko in saya?

Amsa: Ƙanwata, kada ki jira. Kuɗinki sun isa. Abin da mai shagon ya kira wasan yara da shi nake ciyar da iyalina. Hotunan littattafan karatu na Hausa da fastocin rigakafi da ake kawo mini a shagona na Sabon Gari, duk a kan allo marar gilashi nake zana su.

Allunan da ake jona wa kwamfuta iri biyu ne. Na farko faranti ne baƙi siriri, ba ya nuna komai: kina zana a kansa, layin yana fitowa a fuskar kwamfuta. Na biyu yana da gilashi, kina ganin layin a ƙarƙashin bakin alƙalaminki. Shi ma wannan sai an jona shi da kwamfuta yake aiki, kuma mutane da yawa ba su san haka ba sai bayan sun saya.

Mai gilashi yana da daɗi, ba zan ɓoye miki ba. Sai dai ƙaraminsa, irin Huion Kamvas 13 ko XP-Pen Artist 12, yana kai wa wajen dalar Amurka 200 a can inda ake sayar da shi, wato ya haura jaka 100 tun kafin a sa kuɗin mota da na duwan, wato kwastan. Yana son ƙofar HDMI a jikin kwamfuta, yana shan wuta, yana ɗaukar zafi. Ki tuna yadda garin nan yake a Afrilu da Mayu, zafi ya wuce digiri 40, wuta tana zuwa tana tafiya. In gilashin ya tsage kuwa, shi ke nan, samun wani sai an aika ƙasar waje. Marar gilashi igiyar USB ɗaya ce, daga batirin kwamfutar yake ɗan tsotsa. A ɗauke wuta ki ci gaba da aikinki har batirin ya ƙare. Ya faɗi daga tebur ki ɗauka ki kakkaɓe.

Za ki ga an rubuta manyan lambobi a jikin kwali: 2048, 4096, 8192, yanzu ma har 16384. Matakan nauyin hannu ke nan da alƙalamin yake ji, in kin danna layi ya yi kauri, in kin sassauta ya yi siriri. Kada lambar ta ruɗe ki. Ni dai hannuna ba ya bambance 4096 da 8192, kuma na ga aiki mai ban sha'awa da aka yi da 2048. Abin da ya kamata ki tsaya a kansa shi ne alƙalamin ya zama marar batir. Kamfanin Wacom na Japan, wanda aka kafa a 1983, shi ya yi suna da wannan fasaha, inda allon ne yake ba alƙalamin ƙarfi ta maganaɗisu. Yanzu Huion da XP-Pen da Gaomon duk suna yin irinsa. In aka nuna miki tsohon samfuri mai alƙalamin da ake yi wa caji ko ake sa wa batir, ki ce a'a, ko da ya fi arha.

Sai girma. One by Wacom ƙarami filin zanensa santimita 15.2 ne da 9.5, Huion H640P kuma wajen 16 da 10, yana da maɓallai 6 a gefe. Matsakaici irin XP-Pen Deco 01 V2 ya kai 25 da 16. Ke mai lalle ce, zanenki daga yatsu da wuyan hannu yake fitowa, kin saba cika ɗan fili da ƙananan furanni. Ƙaramin ya wadace ki, musamman da yake fuskar kwamfutarki ba za ta wuce inci 14 ko 15 ba. Waɗannan ƙananan suna tsakanin dalar Amurka 30 da 50 a waje. Da ni ne ke, H640P zan ɗauka saboda maɓallan, canjin da ya rage in kai kwamfutar wajen mai gyara ya duba batirinta, in kuma RAM ɗinta, wato ma'ajiyar da take riƙe aikin da ake ciki, giga 4 ce a ƙara ta koma 8. Nan ne tsofaffin kwamfutoci suke gazawa. Allo mai tsada a jikin kwamfuta mai numfarfashi, ki ja layi sai ki jira shi ya biyo ki.

Yanzu ga maganar da na fi son ki riƙe. Ranar da kika fara, za ki ji kamar an musanya miki hannu. Ke da kike zana fure a tafin amarya tana motsi tana hira, za ki kasa rufe da'ira. Da yawa a nan suke ajiye allon cikin akwati, su ce an cuce su. Ba a cuce su ba. Idonsu ne ya saba bin bakin fensir, yanzu an ce ya dubi gaba hannu yana ƙasa. Dubi tela a kan keke: idonsa a kan allura, ƙafarsa tana taka feda, bai taɓa leƙawa ya ga inda take ba. Shi ma ba da haka ya fara ba.

Ki cire linzamin kwamfutar gaba ɗaya ki ɓoye shi na ɗan lokaci, komai ki yi da alƙalamin, ko buɗe fayil ne. Linzami tura shi ake yi, shi kuwa allo kowace kusurwarsa tana daidai da kusurwar fuskar kwamfuta, inda kika ɗora nan kibiya za ta faɗa. Ki ajiye shi sak a gaban kwamfutar, kada ki karkata shi yadda muke karkata takarda. Kullum kafin ki soma zane ki ɗiga ɗigo biyu nesa da juna ki haɗa su da ja ɗaya, ki yi ta yi, sannan da'irori manya da ƙanana. Ni abin da nake sa yaran shagona shi ne su rubuta sunansu da ajami. Wanda ya yi makarantar allo ya san inda alƙalamin kara yake kauri da inda yake sirancewa, a cikin harafin nun ko wutsiyar ya. Ranar da yaro ya fitar da wannan kauri da sirantaka a kwamfuta ba tare da ya kalli hannunsa ba, na san ya kama.

In kin ga santsin allon ya dame ki, manna masa farar takarda da salatif, za ki ji irin jan da kika saba. Tana cin bakin alƙalami da sauri, amma ana sa wasu a cikin kwalin. Kuma in kin zana da'ira ta fito kamar ƙwai, laifin saiti ne. Shiga direban allon, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta fahimci allon, akwai wurin da ake daidaita faɗi da tsawon allo da na fuskar kwamfuta. Direban nan ki sauke shi daga shafin kamfanin da ya yi allon, domin in babu shi sau da yawa layi zai fito da kauri ɗaya daga farko har ƙarshe.

Manhajar zane kuwa, sauke Krita. Kyauta ce halal, masu yin ta da kansu suka bayar, tana aiki ba intanet, akwai ta da Faransanci. Za a yi miki tayin Photoshop na sata a kasuwa. Bar shi, haƙƙin mutane ne, kuma irinsa kan zo da cutar kwamfuta. A Krita ki fara koyon leya, waɗanda masu Faransanci ke ce wa kalk: takardu ne shara-shara da ake ɗora wa juna, zanen farko a ɗaya, tawada a ɗaya, launi a ɗaya, ki goge wannan ba ki taɓa wancan ba. Akwai kuma abin da yake kwantar da rawar layi, ki sa shi kaɗan. Ctrl da Z yana mai da abin da kika yi baya. In madanninki na Faransa ne Z tana layin sama, in na Kano ne tana ƙasa. Ina jan kunnenki a kan Ctrl da Z ɗin nan. Yana da amfani, amma na ga ya mai da masu hannu matsorata, mutum ya ja layi ɗaya ya soke, ya ja ya soke, har la'asar. Lalle ba ya gogewa, shi ya sa hannunki ya iya yanke shawara. Kada ki bar littafin zanenki da bik ɗinki, su za su tsare miki wannan.

Tambaya: Malam, ni ɗan Mirya ne, shekarata 17. Ba ni da kwamfuta, wayar Tecno gare ni. Zan iya?

Amsa: Za ka iya, ɗana, yau ma. Sauke ibisPaint X ko Sketchbook ka soma da yatsa. Ka zana da bik a takarda, ka ɗauki hotonsa a inuwa da rana, ka shigar, ka rage masa duhu, ka bi layin a sabuwar leya, ka zuba launi. Da wannan kaɗai za ka koyi rabin aikin ba ka kashe ko dala ba.

In ka tara kuɗi, akwai allunan da suke aiki da wayar Android, irin Huion HS64 da Gaomon S620, ta ƴar mahaɗar da ake kira OTG. A wayoyin Tecno da Infinix da yawa sai ka shiga saiti ka kunna OTG da hannunka, in ba haka ba za ka zaci allon ya mutu. Amma ka gwada da wayarka ta kanka kafin ka biya. Wasu wayoyin ba sa nuna ɗigon da ke gaya maka inda alƙalami yake, kuma in babu shi zane ya zama lalube a duhu. Allon zai kuma sha batirin wayar. Alƙaluman nan masu kan roba da ake sayarwa tare da caja da kwanson waya ba sa jin nauyin hannu, yatsa ne kawai mai tsawo.

Wanda ba ya da niyyar sayen kwamfuta nan kusa, ya fi masa ya yi haƙuri ya nemi Samsung Galaxy Tab S6 Lite, ko da na hannu. Ya fito a 2020, yana zuwa da alƙalaminsa marar batir, ba ya bukatar jona wa komai, sola ƙarama ta ishe shi caji. iPad da manhajar zane ta Procreate da kake gani a bidiyo suna da kyau, amma alƙalamin daban ake sayensa, Procreate ma sai an biya da katin banki.

Tambaya: Ni dattijo ne a Zango, sana'ata zana riguna da huluna ga maɗinka, a wurin mahaifina na gada. Ɗana ya matsa mini in koma kwamfuta, wai zamani ya wuce ni. Idona ya soma rauni. Me ka gani?

Amsa: Baba, Allah ya ƙara girma. Na daɗe riƙe da wasiƙarka kafin in amsa. A ganina kada ka koma. Hannun da ya shekara yana fitar da aska takwas da tambari da dagi a kan shadda, ba awo ba gogewa, ba shi da abin da zai karɓa daga allon roba. Ga kuma idon da ka ambata, hasken kwamfuta ba zai yi masa daɗi ba.

Amma yaron yana da gaskiya ta wani gefe, sai dai aikin nasa ne. Shi ya kamata ya sayi allon. Ya zauna kusa da kai, duk zanen da ka gama ya ɗauki hotonsa kafin maɗinki ya tafi da shi, da tsofaffin takardun da na tabbata suna nan cikin wata adaka. Ya bi su layi-layi a manhajar Inkscape, ita ma kyauta ce. Zanen da aka yi a cikinta ana iya ƙara shi ya cika bango ko a rage shi ya zauna a hula, ba ya dushewa. Krita kuma tana da madubi: ya zana rubu'in dagi, sauran ukun su fito da kansu. Kai kuma ka tsaya a kansa ka gaya masa sunan kowane zane, wa ake yi wa shi, ta ina ake soma shi, wane zare ya biya ta sama wane ya bi ta ƙasa. Wannan ba ya cikin kowace manhaja, kuma yaro zai iya fitar da dagi mai kyan gani wanda saƙarsa ba ta tafi daidai ba, sai irinku ne za su gane.

Abin yana ci mini rai, Baba. Duk wanda ya zaga Birni da Zango ya san gidaje masu zanen bango da muka tashi muna gani, wasu damina ta cinye fuskarsu, wasu an shafe su da siminti. Maginan da suka yi su sun tafi da abin a kansu. Ina roƙon ɗanka, da duk matashin da ya sayi allo a garin nan, kafin ya soma kwaikwayon zanen Japan da ya gani a waya, ya ɗauki rana guda ya bi lungunan bayan fadar Sarkin Damagaram, ya nemi izinin masu gida ya ɗauki hoton abin da ya rage, ya je ya zana shi.

Tambaya: Malam, ina rubuta allunan shaguna da fenti a Magariya. Na sayi ƙaramin allo, amma hannuna yana fita daga filinsa. Kuma na kai aiki an buga a kan bana, wato babban ƙyallen talla, shuɗin ya mutu, rubutun ya fashe, ƙ da ɗ sun koma akwatuna.

Amsa: Abokin sana'a, kai daga kafaɗa kake zane, kamar duk mai riƙe buroshi a tsaye. Ƙaramin allo ya yi maka kaɗan. Sayar da shi ga mai lalle ko ɗan makaranta ka nemi mai santimita 25 da 16, Deco 01 V2 ko Huion HS610. In ka canja kamfani, cire tsohon direba tukuna, biyu ba sa zama lafiya a kwamfuta ɗaya.

Maganar launi: fuskar kwamfuta da haske take haɗa launi, ja da kore da shuɗi, injin bugawa kuma da tawada huɗu. Akwai shuɗi da kore masu ƙyalli da tawada ba ta iya kai wa gare su ko a wane inji. Kafin a buga mita uku, biya a buga maka ɗan ƙyalle mai launukan da za ka yi amfani da su, ka fita da shi rana ka duba, ka liƙa shi a bangon shagonka ya zama ma'auninka. Fashewar rubutu kuma daga ƙaramin fili ka soma. Takardar A4 da za a riƙe a hannu tana son fiksel 2480 da 3508. Bana da ake gani daga tsallaken titi ba ta bukatar wannan laushi a kowane inci, amma haruffanta ka yi su a Inkscape. Can kuma, in ka gama rubutu, ka mai da haruffan su zama zane kafin ka kai wa mai bugawa. Kwamfutarsa ba lalle tana da irin rubutun da ka zaɓa ba, shi ya sa ɓ da ɗ da ƙ da ƴ suke ɓacewa. In sun zama zane babu abin da zai taɓa su.

Tambaya: A ina ake samu, kuma na hannu yana da kyau?

Amsa: Mutum uku suka yi wannan tambaya. A shagunan garin nan jefi-jefi ake ganinsu. Yawanci saƙo ake bayarwa Yamai, ko Kano wajen Farm Centre da titin Beirut, ko ta hannun ƴan kasuwar da ke zuwa Dubai da Sin. Rubuta wa ɗan saƙon sunan samfurin harafi-harafi, ka haɗa masa da hoton kwalin. In ka ce masa tabulet kawai, wayar yara mai faɗi zai kawo maka.

Na hannu babu laifi, marar gilashi ba ya saurin mutuwa. Je da kwamfutarka, direba a ciki. Ja layi daga kusurwa zuwa kusurwa, a tsaye da a kwance, ka ga ko akwai inda yake yankewa. Fara layi da sauƙi ka ƙara nauyi a hankali, kaurin ya hau sannu ba tsalle. Ɗaga alƙalamin kaɗan sama da allon: kibiya ta motsa, amma kada tawada ta fito, in ta fito alƙalamin ya sha faɗuwa. Girgiza igiyar a bakin ƙofarta ka ga ko tana yankewa, kuma ka fi son wanda igiyarsa ake cirewa. Ka tabbata alƙalamin nasa ne na asali, domin na wani kamfani ba ya aiki a kan na wani, kuma sayensa daban yana iya cin rabin kuɗin allon. In ka kawo shi gida, a ɗinka masa jaka ta yadi, kuma lokacin hunturu ka share shi da tsumma mai laushi kafin ka ɗora alƙalami, ƙurar ce take karce fuskarsa tana cinye bakin alƙalamin.